Lamba Bakwai ta Kawu: Yadda Muka Sauya Sandunan Golf Bayan Hutun Shekara 11

A ƙarshen Nuwamban 2023 Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya aiko a kira ni. Da na isa gidansa sai na tarar an fito da jakar golf ɗinsa daga sito, an jingine ta a gindin bishiyar fiya, jikoki suna ta kakkaɓe mata ƙura da tsumma. Zif ɗin aljihunta ya ci tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin sanduna. Rabon da ya taɓa ta tun 2012.

"Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa," in ji shi. "Ni kuwa ba zan zagaya unguwa kamar mai neman ɓatacciyar akuya ba. Ranar Asabar ka zo ka ɗauke ni, Rayfield za mu."

Abin da ya biyo baya ya ɗauke mu wata huɗu, kuma na rubuta shi ne saboda tun daga lokacin mutum uku suka kawo mini irin wannan matsala. Kowannensu ya daɗe bai buga ba, ya dawo ya ga ƙwallo ba ta zuwa inda ya saba, ya yanke cewa sanda ce ta tsufa.

Kawu ba baƙon wasan ba ne. Shi ya fara riƙa mini sanda. Lokacin da yake aiki a Abuja, kusan kowane ƙarshen mako yana filin golf na IBB, kuma handikaf ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙwarewar ɗan wasa, wadda ke raguwa idan ya ƙware, ya sauko har 11. Daga nan aka yi masa sauyin wurin aiki zuwa garin da babu fili, gwiwar hagu ta fara ciwo har ta kai ga tiyata, aka shiga hidimar aurar da yara, sai ga ritaya ta zo a shekara 60. Ya ajiye wasa yana da 52, ya dawo yana da 63. Sandunan ƙarfensa, waɗanda 'yan wasa ke kira ayon, na kamfanin Mizuno ne da ya saya a 2003, guda takwas, daga lamba uku har mai harafin P. Masu siririn kai ne, irin na ƙwararru, ƙotarsu ƙarfe mai nauyi da tauri. A zamaninsa, a Abuja, lamba bakwai tana kai masa yadi 155, kuma ko cikin barci ka tashe shi zai faɗa maka wannan lissafi.

Asabar ɗin muka isa da sassafe, hazo bai gama washewa ba. Filin golf na Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. Kawu ya tsaya a wajen atisaye, ya zaro lamba bakwai, ya kaɗa ta sau biyu a iska, ya buga. Ta yi ƙasa-ƙasa ta karkata dama. Ya sake. Cikin ƙwallo 20, uku ne suka tashi yadda ido zai so, mafi nisansu kuma bai wuce yadi 125 ba. Yana yi yana yarfe hannu, domin a sanyin Jos idan ƙwallo ta sami gefen irin wannan sanda, zafin har gwiwar hannu yake zuwa.

Can sai ga wani tsohon abokinsa, Alhajin da suka yi aiki tare, ya iso da jaka sabuwa fil. Bayan gaisuwa da tsiya irin ta tsofaffin abokai, ya miƙa masa tasa lamba bakwai ɗin, mai ƙaton kai da baƙar ƙota. Bugu na biyu, ƙwallo ta tafi ta gangara har wajen alamar 145. Kawu ya juya sandar yana duba gindinta, ya dube ni.

"Ka ji ko? Yadi 20 a banza. Ka nemo mini irin wannan, ko nawa ne."

Ban ce masa a'a ba, don ba a musu da Kawu a gaban abokinsa. Na dai roƙe shi ya bari mu ga wani koci da na sani, mutumin da ya fara da ɗaukar jaka tun yana yaro, ya zama ɗan wasa, yanzu yana koyarwa yana kuma gyaran sanduna a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa. Washegari muka kai masa sandunan biyu, ta Kawu da ta Alhaji. Ya ɗora kowacce a ma'auninsa, ya karanta. Fuskar lamba bakwai ta Kawu ta kwanta digiri 35. Ta Alhaji 28 da rabi. Sai ya zaro lamba biyar daga jakar Kawu, ya auna, ta ba da kusan 28.

"Yallaɓai, jiya lamba biyar ka buga," in ji shi. "Bakwai aka rubuta mata kawai."

Wannan shi ne abu na farko da ke ruɗa duk wanda ya daɗe bai leƙa kasuwar sanduna ba. Babu wata doka da ta ce lamba bakwai sai ta zama digiri kaza. Kwanciyar fuskar sanda ce ke yanke yadda ƙwallo za ta tashi da nisan da za ta yi: idan fuska ta miƙe tsaye, ƙwallo ta yi ƙasa ta yi nisa, idan ta kwanta, ta yi sama ta sauko kusa. Tsakanin sanda da mai bi mata akan bar kamar digiri huɗu, abin da ke ba matsakaicin ɗan wasa yadi goma ko sama da haka kaɗan. A cikin shekarun da suka wuce masu ƙera sanduna sun yi ta miƙar da fuskoki sannu a hankali, musamman a sandunan da ake yi wa talakawan 'yan wasa irinmu. Suna da hujjarsu: sababbin kawunan suna da nauyi can ƙasa, suna ɗaga ƙwallo da kansu, don haka idan ba a rage kwanciyar ba za ta yi sama fiye da kima. Akwai gaskiya a ciki. Amma kowa ya san cewa mai saye lamba bakwai yake gwadawa a shago, kuma wadda ta fi nisa ita yake biya.

Kawu bai ji daɗin wannan bayani ba. Idan sanda ba ta da laifi, to laifin ya koma kan mai sanda ke nan. Ni kuma na ƙara masa gishiri a miki da maganar da ya kamata in haɗiye: Jos ta fi mita 1,200 a saman teku, ta ɗara Abuja tudu nesa ba kusa ba, iskarta ba ta da kauri, ƙwallo ta fi tafiya a nan. Wato 125 ɗin ma da ragin da gari ya yi masa. Sanyin safiya yana cinye wani abu daga ciki, amma duk da haka. Ya yi shiru har muka shiga mota.

Shawarar kocin ita ce kada a sayi komai tukuna. Dalilinsa mai sauƙi ne: wanda ya shekara 11 bai buga ba, bugun da yake yi a makon farko ba nasa ba ne, na aro ne. Kafaɗa a ɗaure take, ƙugu ba ya juyawa, ido bai saba ba. Duk sandar da aka auna masa a wannan hali, bayan wata biyu ba za ta dace da shi ba. Abu ɗaya ya ce a sauya nan take, robar mariƙi. Ya sa Kawu ya danna farce a jikin ta lamba bakwai. Ta bushe ta yi sulɓi kamar tsohuwar tayar keke, har tana tsagewa. Mariƙi mai santsi yakan sa mutum ya damƙe sanda da ƙarfi ba tare da ya sani ba, hannu ya sandare, gudun kai ya ragu. An sauya robar duka takwas a kuɗin da bai kai na cika tankin mota ba. Aka yi yarjejeniya: mako shida, atisaye sau biyu a mako, rami tara ranar Asabar, sannan a zauna.

Ya cika alkawari, har ya ba ni mamaki. Zuwa tsakiyar Janairu lamba bakwai ta koma tana kai 130 idan ta sami tsakiya. Matsalar tana wajen "idan" ɗin.

Ranar da aka cika mako shida kocin ya zo da ƙullin farar hoda. Kafin ya shafa, ya ɗaga tsohuwar lamba bakwai zuwa haske ya nuna mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba. A tsakiyar fuskarta, ƙasa kaɗan, akwai tabo zagayayye kamar girman tsohon sule, inda farin rufin ƙarfen ya goge, tsatsa ta yi ja-ja. Shekara tara na bugu a wuri ɗaya ne ya haƙa shi. Kawu ya shafa tabon da babban yatsa, yana murmushi. Sai aka barbaɗa hoda a fuskar, ya buga goma, ana dubawa ana sake shafawa, kocin yana ɗiga alama a takardar da ya zana fuskar sanda a kai. Da aka gama, ɗigo biyu ne suka faɗa cikin tabon. Shida sun taru can wajen bakin sanda, nesa da ƙota, biyu a ƙasa sosai. Ba wanda ya ce uffan. Kawu ya karɓi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Daga wannan rana maganar ta sauya. Ya daina cewa a nemo masa nisa, ya fara tambayar wace sanda ce ke yafe kuskure.

Kawunan ayon iri biyu ne a wajen yi, kuma duk wanda ya san maƙera zai gane su. Akwai na ƙira, inda ake ɗaukar guntun ƙarfe mai taushi a dake shi da injin har ya ɗauki siffa. Akwai na zubi, inda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi, kamar yadda ake tukwanen dalma. Na Kawu na ƙira ne, nauyinsu duk a bayan tsakiya yake. Idan ka sami tsakiyar, babu daɗin da ya kai shi, kamar ba ka taɓa komai ba. Idan ka kauce da faɗin yatsa, kan ya murɗe, ƙwallo ta rasa yadi 15 ko fiye. Zubi ne ya sauƙaƙa wa masu ƙira su kwarfe bayan kai su tura nauyin zuwa gefe-gefe, yadda ko an bugi baki kan ba zai murɗe sosai ba. Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka, shi ya yi fice da wannan dabara, kuma sandarsa Eye2 da ta fito a 1982 ta mamaye filaye. Wato tun kafin Kawu ya sayi nasa akwai irin waɗannan. A lokacin ya raina su ne, yana ce musu cokalin masu koyo.

Ni da farko ra'ayina shi ne a bar kawunan, a sauya ƙota kawai, don a rage kashe kuɗi kuma a bar masa abin da ransa ke so. Ƙotar da ke jikinsu Dynamic Gold ce mai tauri, nauyinta kusan giram 130. Akwai ƙarfe mara nauyi na wajen giram 95, akwai kuma girafait, wato baƙar ƙotar nan da ba ta ƙarfe ba, da ke sauka har 60 ko ƙasa. Ga mai shekara 63 da gwiwar da aka yi wa aiki, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, musamman daga rami na 13 zuwa sama, lokacin da gajiya ke shiga hannu. Girafait kuma yana shanye girgizar da ke sa shi yarfe hannu. Kocin ya saurare ni har na gama, sannan ya rushe shawarar da magana biyu. Na ɗaya, idan aka sa ƙota mara nauyi a kan da aka yi don mai nauyi, ma'aunin sandar a hannu yakan rikice, sai an yi ta liƙa dalma ko ƙara tsawo. Na biyu, ya nuna aljihun Kawu inda takardar take. Sabuwar ƙota ba za ta faɗaɗa tsakiyar fuska ba. Na yarda.

Rigimar da ta fi tsawo a kan harafi guda aka yi ta. Ana rubuta taurin ƙota da haruffa: X mafi tauri, sai S, sai R, sai A, sai L. Kawu ya shekara yana buga S. Kocin ya ce A ce daidai da shi yanzu. Da ya ji cewa A ɗin ita ake kira ta dattawa, sai ya miƙe tsaye.

"Ni za a ba sandar tsofaffi? Kai, ɗan nan, ka gaya masa wanda ya koya maka wasa."

"Kawu, ai ba wanda ke karanta ƙotar wani a fili."

"Alhaji zai karanta."

Abin da ya raba gardamar shi ne tafiya Abuja. Wani sanina yana da na'urar da ke bin ƙwallo da rada tana fitar da alƙaluma, irin wadda TrackMan ya shahara da ita, kuma yana da kawuna da ƙotoci na gwaji. Muka bi ta Akwanga da Keffi, muka kwana, da safe Kawu ya buga kusan ƙwallo 60. Gudun kan lamba bakwai ɗinsa yana wasa tsakanin mil 68 da 71 a awa. Da wannan gudu, harafin da ke jikin ƙota bai dame mu ba kamar nauyinta, domin R ɗin wani kamfani takan yi laushin A ɗin wani, haruffan ba su da ma'auni ɗaya. An sami girafait mai giram 65 da aka rubuta wa R, wadda a hannu ba ta fi A tauri da wani abin kirki ba. Kawu ya sami harafinsa, kocin ya sami laushinsa.

Amma babban abin da na'urar ta nuna yana wani wajen. An ba shi kai irin na Alhaji, lamba bakwai mai digiri 28 da rabi. A iska ƙwallon ta yi yadi 134, sauran nisan da ya gani a Rayfield gangara ce a kan busasshiyar ƙasar hunturu. Ba ta yi sama ba, ta sauko a kwance kamar jirgin da ke neman filin sauka. Irin wannan ƙwallo ba ta tsayawa kusa da rami, wucewa take yi ta faɗa bayan fage, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake. Da aka ba shi lamba shida da biyar na wannan jeri, abin ya fito fili: shida ta yi 140, biyar ta yi 142. Sanduna biyu, aiki ɗaya. Fuskar da ta miƙe sosai tana bukatar gudu kafin ta ɗaga ƙwallo, shi kuwa gudun ya tafi da shekaru. Sai aka kawo kai mai digiri 31. Ta yi 131 a iska, ta tashi sama sosai, ta sauko a tsaye. Masu ƙira sun san da irin su Kawu, shi ya sa yanzu wasu ke fitar da jeri biyu na sanda ɗaya, ɗaya su sa mata haruffan HL, ma'ana mai ɗaga ƙwallo. Mizuno ma sun yi haka a jerin JPX923 Hot Metal, inda lamba bakwai ta gama-gari ke da 28 da rabi, ta HL kuma 31.

Kawu ya yi lissafi a ransa, ya ce, "31 ai ita ce shida tawa ta da. To ashe shida zan saya a rubuta mini bakwai." Aka ce masa haka ne. Ya ce ya ji, aƙalla wannan ƙaryar ba ta kai ta Alhaji ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗi. Lokacin da ya sayi tsofaffin, dala ba ta kai naira 140 ba. A farkon 2024 ta haura 1,400. Sabon jeri daga manyan kamfanoni, kafin ya iso hannunka a Najeriya, a lokacin ya wuce naira miliyan ɗaya, ga mutumin da ke zaman jiran fansho. Ana cikin haka wani ya turo masa hotuna ta WhatsApp: jeri cikakke, sabo a leda, sunan babban kamfani, rabin kuɗi. Na so in hana, ya ce a kawo a gani. Aka kawo. Daga nesa ba ka da ta cewa. Kocin ya fara shinshina robar mariƙi, ya yamutsa fuska, wari take kamar sabon silifa. Ya ɗora sandunan ɗaya bayan ɗaya a sikeli, nauyin yana tsalle ba tsari, lamba takwas ta fi tara nauyi. Ya auna fuskoki, shida da bakwai kusan ɗaya. Fentin rubutun ya ɗan malala waje. Aka mayar wa mai kaya da kayansa, aka ba ɗan aiken kuɗin mota. Araha ba ta ado.

A ƙarshe na hannu muka saya, ta hannun 'yarsa da ke karatu a Ingila, daga shagon da ke karɓar tsofaffin sanduna yana sayarwa da shaida. Shekara biyu da fitowarsu, fuskokin ba su goge ba. Guda biyar kacal: shida, bakwai, takwas, tara da P. Na zubi, masu kwarmi a baya, girafait giram 65. A madadin uku da huɗu da biyar aka sa ruwa-biyu guda biyu, sandunan nan masu kumburarren kai da ke tsakanin ayon da katako (manyan sandunan bugun nesa), waɗanda ke ɗaga ƙwallo ko da gudu kaɗan. Kafin a biya, kocin ya yi gwajin zaman sanda a ƙasa: ya ja layi da maka a jikin ƙwallo, ya tsayar da layin yana kallon fuska, Kawu ya buga, aka duba yadda layin ya fito a ƙarfe. Ya fito kusan a miƙe, don haka zama na gama-gari ya ishe shi. Mun yi wannan tun da wuri ne domin ƙarfen zubi yana da taurin kai. Na ƙira a lanƙwasa shi digiri biyu ba wani abu ba ne, na zubi kuwa yana iya karyewa a hannun mai gyara, kuma babu inda za ka kai ƙara daga Jos.

Sandunan sun iso ƙarshen Fabrairu, kuma a nan kuskurena ya bayyana. Cikin jeri biyu da 'yarsa ta turo hotunansu, ni na dage a kan mai faffaɗan gindi, saboda na karanta cewa faɗin yana hana sanda nutsewa idan an bugi ƙasa kafin ƙwallo. Gaskiya ne, a ƙasa mai laushi. Amma a Fabrairu da Maris ƙasar Jos kamar daɓe take. Faffaɗan gindi idan ya sauka a kan irin wannan ƙasa ba ya shiga, tsalle yake yi, bakin sanda ya sari ƙwallo a ciki ta tafi a guje kamar an harba ta da gwafa. A cikakken bugu abin bai yi muni ba. A gajerun bugu na kusa da rami kuwa, sau uku a zagaye ɗaya na ga P ɗin ta aika ƙwallo ta tsallake fage gaba ɗaya. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai yake yi, wanda ya fi zagi ciwo. Maganin da aka samu shi ne a dawo da tsohuwar P ɗinsa mai siririn gindi, wadda ke yanka busasshiyar ƙasa, don irin wannan aiki. Da damina ta sauka, ƙasa ta jiƙe, faffaɗan gindin ya fara biyan kuɗinsa, har ya yafe mini rabi.

Dawo da tsohuwar P ya toshe wani rami da ba mu lura da shi ba. Sabuwar P digiri 45 ce, sandarsa ta fitar da ƙwallo daga yashi kuma 56, wato akwai giɓin digiri 11, kusan sanduna biyu babu. Duk bugun da ya faɗa tsakanin yadi 70 da 90 sai ya rasa abin ɗauka. Kocin ya ɗan lanƙwasa tsohuwar daga 47 zuwa 49, tunda ta ƙira ce tana karɓa, ta zauna kusan a tsakiya. Waɗanda P ɗinsu ta kai 43 ko ƙasa, giɓinsu ya fi haka, kuma galibi ba a faɗa musu a shago cewa akwai sanda ta gaba da za su dawo su saya.

An yi hutun azumi, aka dawo bayan ƙaramar Sallah. Zagayensa na farko mai rami 18 a Disamba, da tsofaffin sanduna, bugu 106 ya yi. Zuwa Yuli yana yawo tsakanin 93 da 97. Ba zan ɗora wannan duka a kan sanduna ba, domin a tsakanin ya yi atisaye na wata bakwai, ya rage tumbi, gwiwar ta saba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne bugunsa marasa kyau sun daina zama bala'i. Wadda ta sami baki a da takan tsaya yadi 20 kafin fage, cikin ramin yashi ko ciyawa. Yanzu takan lallaɓa ta kai gefe. Lamba bakwai tana ba shi 135 a Jos, kuma ya daina ambaton 155, sai dai idan Alhaji na kusa. Ya kuma gama rami 18 ba tare da ya nemi man zafi ba.

Sauran abubuwan da suka sauya a bayansa bai sha wahalarsu ba. Tun 2019 daga tsayin gwiwa ake sakin ƙwallo, ba daga kafaɗa ba, neman ɓatacciya minti uku ne maimakon biyar, kuma ana iya barin tuta a rami. Handikaf ma tun 2020 tsari ɗaya ne a duniya, ana ɗaukar mafiya kyau takwas daga zagaye 20 na ƙarshe. Na tutar ne kawai ya ƙi. Har yau sai ya sa yaron da ke ɗaukar masa jaka ya cire ta.

Ranar wata gasar ƙarshen wata, kafin a fara, yaron ya ƙirga sandunan jaka kamar yadda aka koya masa, ya matso ya rage murya.

"Baba, 15 ne. Doka 14 ta ce."

Na leƙa. Tsohuwar lamba bakwai ce, mai tabon sule, an cusa ta a bayan ruwa-biyu. Kawu ya zaro ta, ya goge fuskar da gefen rigarsa, ya miƙo mini makullin mota.

"Sa ta a kujerar gaba," ya ce. "Kada ka jefa mini ita a but."